Ranar da na ɗaga murya a gaban surukina

Ku matso kusa, ku gyara zama, akwai labarin da yake yi mini ƙaiƙayi a baki tun da safe. In ba ku san ni ba, to ku sani yanzu, ni mace ce mai surutu. Tun ina yarinya mahaifiyata take cewa duk ranar da aka ji na yi shiru a zo a taɓa jikina, ba lafiya ba. Ban yi boko ba, ɗan rubutun nan a ajin manya na majami'a na koye shi, bayan na yi 'ya'ya. Yawo ma ban yi ba. In kun cire kasuwar Bici da asibiti, ƙafata ba ta wuce gonakinmu ba. Amma kunne kam, Allah ya ba ni. Maganar da aka yi a gabana tun ina amarya zan iya maimaita muku ita har da tarin da mai maganar ya yi a tsakiya.

To duk surutun nan nawa, akwai mutum ɗaya da ban taɓa buɗe baki a gabansa ba sai rana ɗaya tak, shi ne Baba, uban mijina.

Mu asalinmu Maguzawa ne. Unguwarmu tana tsakiyar gonaki, gabas da mu ƙauyen Musulmi, yamma ma haka, gona a jikin gona, ba abin da ya raba mu sai jerin lalle da gamba. A wajenmu matar ɗa ba ta magana da uban miji. In na hango shi a hanya sai in ratse cikin gona in durƙusa, in kau da fuska. In ya ce, sannu yarinya, amsata ita ce in ƙara sunkuyawa. In ina da magana sai in gaya wa Iya, uwar mijina, ita ta kai masa, ko da kuwa yana nan zaune a tsakar gida yana jin mu. Wata rana yana gyangyaɗi a gindin darbejiya akuya ta sa kai a ƙwaryar furarsa. Ina gani, amma ba halin in yi tsawa a kusa da shi, sai na ruga bayan ɗaki neman Iya. Kafin mu dawo akuya ta gama, har ta lashe ludayi. Iya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce ta yi surukai amma ba ta taɓa ganin mai kunya irina ba.

Mijina shi ya fara karɓar Almasihu, a birni, lokacin da yake zuwa cin-rani, a can kuma aka yi masa baftisma. Da ya dawo ya faɗa, Baba bai ko ɗaga kai daga igiyar da yake tufkawa ba. Ya ce abin da aka yi a inda ba wanda ya san ubanka, ba a yi shi ba. Ya ci gaba da yanka jan zakaransa a gindin tsamiya kafin shuka, kamar yadda ya tarar ana yi. Ni kuma na fara bin mijina wata 'yar majami'a ta ƙasa mai rufin ciyawa a bakin unguwa. Ba wani abin al'ajabi ne ya same ni ba. Labarin wanda ya mutu domina ya kuma tashi na yi ta ji, har wata rana na ji zuciyata ta kwanta kamar ruwan da ya kwana a randa. Na ba da gaskiya. Amma a ciki abin ya tsaya, daga ni sai mijina sai Allah.

Sai shekarun nan suka zo. Waɗanda suka gan su ba sa son a tuna musu. Gero ya bushe a tsaye bai fitar da kai ba. Da damina ta zagayo, ta zo a makare ta tafi da wuri. Maza suka watse, mijina ya koma birni yana sayar da ruwa, saƙonsa ma sai a jima ba a ji ba. Muka ci tafasa, muka ci yaɗiya, muka ci dusar da a da awaki muke ba. Rumbu ɗaya ya rage a gidan, babban nan na gandu, Baba ne kaɗai yake buɗe shi. Kowace safiya matan gida mu jera ƙorai a gindinsa, ni in ajiye tawa in ɓuya a bayan danga, shi ya auna wa kowane ɗaki abin da zai riƙe rai. Yana awo yana mita, wai sama ta rufe ne saboda 'ya'yan zamani sun bar hanyar kakanni.

A cikin wannan hali mai bisharar majami'armu ya tashi wata Lahadi ya ce Fasto zai zo daga nesa ranar Ista, zai yi baftisma. Ya ce duk mai so ya shirya, amma fa kowa da bakinsa zai faɗa a gaban jama'a, ba mai faɗa a madadin wani. Ya ce zuciya ce take gaskatawa, baki kuma shi yake shaidawa, su biyun tare suke tafiya. Ubangiji ba a cikin ɗaki ya mutu dominmu ba, a kan tudu ne, kowa yana kallo, to don me mu za mu amsa masa ta bayan danga?

Jama'a, ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa, ciki ba komai sai ruwan tafasa, amma ina waƙa. Sai da na zo ƙofar gida na tuna da abu guda. Tafkin bayan majami'a, inda aka saba yi a tsakaninmu, ya ƙafe har ƙasarsa ta tsattsage. Ruwan da ya rage a duk yankin shi ne na wani rami da masu aikin titi suka haƙa a bakin hanyar Bici. Can kowa yake zuwa, mu da Musulmi da Fulani, da shanu da jakai. Wanda aka yi wa baftisma a can, ba sauran wanda bai sani ba.

Na gaya wa Iya. Ta riƙe haɓa ta dube ni, ta ce a wannan shekarar na ga ya dace in tayar da wannan? Amma ta kai maganar. Ni kuma na laɓe a bayan zana, kunnena a miƙe. Ina jin Baba yana buɗe battar tabarsa yana rufewa. Can ya ce rumbun nan kakanninsa suka kafa gindinsa, wanda ya fita daga hannunsu a bainar jama'a ba zai karɓi hatsinsu daga bakin rumbun ba. Sannan ya ce, “Ban hana ta ba. Amma ki ce mata zan je kallo.”

Iya ta dawo ta zauna kusa da ni ta ce, to kin ji, ya ɗaure ki ba da igiya ba. Ya san in yana zaune a wurin ko wuta ce ta kama zanenki ba za ki yi magana ba. Ta ba ni shawara iri-iri. Wai in bari sai an yi ruwa in bi mijina birni a yi mini a can. Wai ko in jira, tsohon ai ba dutse ba ne. Ta faɗi haka tana waiwaye kar ya ji.

Na je wajen mai bishara na tambaye shi ko in na gyaɗa kai ya wadatar. Ya yi murmushi ya ce tun da ya zo unguwar nan bai taɓa samun damar gama magana a gabana ba, yau kuma ni ce nake neman a yafe mini magana? Sannan ya daina wasa, ya ce ba wanda zai tilasta mini, in na ga ba zan iya ba bana, Allah bai gaji da jira ba. Amma ni ce na gaji. A shekarar nan mun binne yara, mun binne manya waɗanda suka fi ni ƙarfi. Ban san ko zan ga wata Ista ba, kuma ba na so in tafi da maganar nan a kulle a cikina.

Akwai wata dattijuwa Musulma a ƙauyen gabas, mai daddawa, muna ce mata Gwaggo. Gonarta tana jikin gayaunata, mun saba sosai. Ta same ni ina tsinkar ganye ina magana ni kaɗai, ta ce lafiya, ko yunwa ta fara taɓa ki? Na kwashe duka na gaya mata. Ta ce ita dai hanyarta daban, tawa daban, kuma da za ta samu yadda take so da tata na bi. Amma a wajensu ma da baki ake shaidawa, ba wanda yake yi wa wani. Ta ce, “Ke da ko faifai aka kifa miki a baki sai ya yi tsalle, tsoho ɗaya ne zai gagare ki?” Na ce Gwaggo ba ki gane ba, ga kunya ga rumbu. Ta ce rumbun kam ba ta da abin cewa, don nata ma ɓeraye sun yi ƙaura.

Na shiga koyo. In ina niƙa in faɗa wa dutsen niƙa. In ina ba kaji ruwa in faɗa wa kaji. A nan muryata garau take fita, har da ƙari. Amma da na kawo jar hular Baba a raina sai muryar ta koma raɗa.

Ranar ta zo. Da hantsi muka fito daga majami'a a jere, mata suna kaɗa tulu suna girgiza caki, muna waƙa. Zafin bazara kamar a tanda, duk mun rame, zannuwa suna zamewa daga ƙugu, amma ku zo ku ga rawa. Ni ce a gaba wajen amshi. Ina ta ce wa kaina wataƙila ya fasa, wataƙila ciwon ƙafarsa ya tashi, tsoho da wannan rana ina zai iya.

Muna hawa titi na hango jar hula. Ya riga mu. Yana zaune a kan wani dutse daf da bakin ruwa, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, Iya a bayansa. Waƙar ta mutu a bakina nan take.

Wurin cike yake. Ga masu jakai da tuluna, ga Fulani da garke, ga mata masu wanki, har da Gwaggo da tulunta, wadda na san ba ranar ɗibar ruwanta ba ce. Ruwan kuwa kore shar, shanu sun dama shi. Wani Malam dattijo da ya kawo shanun huɗarsa ya tambayi mai bishara abin da ya kawo mu. Da ya ji, sai ya juya ya ce wa mutane a ja dabbobi baya ruwan ya ɗan kwanta, a bar bayin Allah su yi abin da ya kawo su. Aka ja dabbobi, amma ba wanda ya tafi. Kowa ya sami wuri ya tsaya.

Ruwan iyakarsa gwiwa, don haka sai mutum ya durƙusa a ciki sannan Fasto ya sunkuyar da shi. Aka yi wa waɗanda suke gabana, kowa ya amsa, mata suka yi guɗa. Sai aka kira ni. Na shiga, taɓo yana kama ƙafata, na durƙusa. Ga Baba nan, in ya miƙa sandarsa za ta taɓa kafaɗata. Jikina da kansa ya yi abin da ya saba, na kau da fuska, na sunkuya har haɓata tana taɓa ruwa.

Fasto ya ɗaga murya ya tambaye ni ko na gaskata Yesu Almasihu ya mutu domin zunubaina, ya tashi daga matattu, shi ne Ubangijina da Mai Cetona. Leɓena ya motsa, ba abin da ya fito. Shi baƙo ne, bai san wanda yake zaune a kan dutsen ba, sai ya ce, Mama ɗago kai ki dubi jama'a. Na ji mutanen unguwarmu sun yi gunaguni. Mai bishara ya matsa ya raɗa masa a kunne. Ya sake tambaya, a hankali wannan karon. Na tattara duk ƙarfina na ce i, da wata 'yar murya kamar ta ɗan tsako da ya faɗa rijiya. Ni kaina da kyar na ji. Na ji hannun Fasto ya sauka a kaina, ya tausaya mini, zai karɓa haka nan.

Sai sanda ta bugi dutse.

Baba ya ce wa Iya, “Tsohuwa, tambaye ta, wa take yi wa raɗa?” Iya ba ta ko motsa ba. Sai ya juyo, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidansa, ya yi mini magana kai tsaye.

“Yarinya, tun ranar da kika shigo gidana ban ƙara samun barcin rana ba. Ina jin ki da kaji, ina jin ki da dutsen niƙa. Kwanakin nan har na haddace abin da za ki faɗa, in an matsa ni ma zan iya. Ni da nake yanka zakarana, da rana tsaka nake yi, kowa yana gani. In abin nan naki gaskiya ne, faɗe shi yadda kike kiran awaki. In kuwa na raɗa ne, fito mu tafi gida, rana tana dukana.”

Wurin ya ɗauki dariya, har Fulanin. Ta cikin dariyar na jiyo Gwaggo tana cewa, faɗa mana 'yar nan, tuluna yana jira.

Har yau ban san ko ya faɗi haka don ya ƙure ni ba ne, ko don ya kwance ni. Abin da na sani, wani abu ya ɓalle a ƙirjina. Ban tashi daga durƙuson ba, ban kuma dube shi ba, wannan kam ko yau ba zan iya ba. Amma na buɗe baki. Na ce na gaskata. Na ce Yesu Almasihu ya mutu domina, ya tashi, shi ne Ubangijina, shi ne Mai Cetona. Muryar ta fita har belbelun da suke bayan shanu suka tashi. Da na ji ta fita sai na kasa tsayawa. Na ce ko an yi ruwa ko ba a yi ba nasa ce ni, ko da hatsi ko babu. Na faɗi yadda zuciyata ta kwanta, na faɗi tun yaushe, na fara kawo labarin ranar da mijina ya dawo daga birni. Sai da Fasto ya ce, ya isa haka Mama, akwai wasu a bayanki.

Ya sunkuyar da ni. Ruwan ɗumi, yana warin shanu, ya shiga hancina ya shiga kunnena. Na ɗago da taɓo har a gira, ina tari ina dariya ina kuka a haɗe, mata suna guɗa, tulu yana tashi. Ban taɓa jin sauƙi a jikina irin na ranar ba, kamar na sauke damin da na ɗauko tun daga gona mai nisa. Da na share ido na saci kallon dutsen, ba kowa. Na hango jar hular can a kan titi, tana tafiya a hankali, Iya tana bin ta.

Mun yi waƙa har gida, amma kada in ɓoye muku, da yamma ta yi maganar rumbu ta dawo mini. Yarana suna wasa a tsakar gida, ina kallonsu ina tunanin gobe.

Da safe na kai ƙwaryata gindin rumbu kamar kullum, na koma bayan danga. Ina jin sautin hatsi yana zuba a ƙorai ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kan tawa, sautin ya tsaya. Ya tsallake ta. Ya auna tasa ta ƙarshe, ya rufe rumbu, ina jin shi yana saukowa yana nishi. Na dafe bakina. Sai na ji ya ce wa Iya abin da ya faɗa game da rumbu ya faɗa, bai janye ba, ba kuma zai janye ba. Amma wannan da yake cikin ƙwaryarsa an riga an auna masa, ya fita daga hannun kakanni, nasa ne, yana iya ba kaji in ya ga dama. Sai na ji hatsi yana zuba a ƙwaryata. Na leƙa ta ramin danga. Fiye da rabi ya juye mini.

Haka muka yi har ƙarshen yunwar, don ruwa bai zo a watan ba, sai da ya ga dama. Kullum ya tsallake ni a rumbu, kullum ya juye mini daga tasa. Ni kuma in na tuƙa ɗan tuwon sai in ɗebi malmala mafi girma in ba Iya ta kai masa. Iya ta ce ita ta gaji, hatsi ɗaya yana zagaya gida kamar mara lafiya, ita ce jakar da take ɗaukarsa.

Ban sake yin magana a gabansa ba har ya bar duniya, na koma ratsewa cikin gona kamar da. Shi ma bai bar tsamiyarsa ba, bai taɓa taka majami'a ba, abin da yake zuciyarsa a ƙarshe kuwa Allah kaɗai ya sani, ba zan ƙara muku abin da ban ji ba. Amma wani lokaci in ina niƙa ina waƙoƙinmu na sujada, in na sassauta don na san yana kusa, sai in ji daga gindin darbejiya ya ce, tsohuwa, ce mata ta ɗaga murya, ba na son raɗa.

To ni dai nawa ke nan, a gaban tsoho mai jar hula bakina yake mutuwa. Ku fa, abin da kuka riƙe a zuciya, a gaban wa kuke yin raɗa da shi?